Jirgin Ciɗo Gyartai

Ciɗo mutumin Bambeye ne, gyartai ɗan gyartai. Ubansa ya tsufa yana ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, shi ma hannunsa bai san komai ba sai basilla da zaren kaba. Da ya ga ƙauye ba zai riƙe shi ba, ya kwaso matarsa Zaliha da 'yarsu ta fari, Habi, ya dawo Tawa. Ya kafa 'yar rumfa a bakin hanyar kasuwa, kusa da inda manyan motoci ke sauke kaya. Wannan daidai lokacin da Nasara ya naɗe tutarsa ne. Gari na ta murnar mulkin kai, shi kuwa Ciɗo abin da ya fara lura da shi game da sabon zamanin shi ne mata sun rage kawo ƙwarya.

Roba ce ta shigo gari, wadda wasu ke ce wa kaucu. Fatake na hawowa da ita daga Kano da Sakkwato, bokiti da buta da takalmi da mataji, launi iri-iri. Da wani gyartan ne, sai ya zauna yana zagin zamani har yunwa ta gama da shi. Ciɗo kuwa ya nemi kaskon gawayi da tsohuwar wuƙa, ya koya wa kansa yadda ake gasa wuƙar a liƙe tsagar bokiti da ita. Ba a jima ba duk matar da butarta ta fara yoyo ta san inda za ta aika. Sana'ar ba ta sa shi arziki ba, amma tukunyar gidansa ba ta kwana a kife ba, kuma ta bar masa wani abin da ya fi ƙauna: guntayen roba da masu su suka ce ba sa so.

Dalilin wannan ƙauna tsoho ne. Yana saurayi ya taɓa zuwa cin rani Ƙaura Namoda, ya yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa. Sauran samarin Adar da suka je tare sun dawo da labarin 'yan mata da farashin yadi. Shi ya dawo da jirgi a cikin kansa. Yakan ajiye buhu ya tsaya yana kallon kan jirgin, baƙi ƙirin, da manyan ƙafafu jajaye da sandar ƙarfe tana kai da komo a jikinsu, har sai shugaban 'yan dako ya daka masa tsawa. Tun daga nan ya ƙudure a ransa sai ya gina irinsa, ƙarami, wanda za a ɗora a kan tabarma, amma kowace gaɓa tana inda take a jikin na gaskiya.

Na farkon da ya haɗa a Tawa, da kara da kwali da 'yan guntayen roba ya yi shi, ya liƙe su da ƙaro kamar yadda kowa ya san ana liƙi. Ya kuwa yi kyau daidai gwargwado. Zumuɗi ya sa ya fito da shi gaban majalisar da ke zama a inuwar rumfarsa, ranar da aka kwana ana ruwa. Ƙaro kuwa ba ya shiri da laima, kuma dama bai taɓa kama roba da gaske ba, jingina kawai ya yi da ita. Ciɗo na ɗaga jirgin sai bututun hayaƙi ya faɗi, ƙafafu suka bi shi, rufin ya zame ya rataye.

Babban mai baki a majalisar shi ne Ɗangana, mai lodin motoci, wanda kuma taubashin Ciɗo ne, saboda haka yana da izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama. Ya dafa ciki ya ce, "Taubashi, ka ce muna na Ƙaura ma haka shika zubewa in anka yi ruwa? To Allah shi kiyaye matahiya."

Aka yi dariya har wani ya faɗo daga kan benci. Daga ranar sunan Ciɗo ya koma Ciɗo mai wasa, magidanci da gemu yana wasan 'yan yara. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, ya fi yadda ya nuna. Ya tattara tarkacen a gaban rigarsa, ya yi wa kansa alkawari: babu namijin garin nan da zai sake ganin aikinsa sai ya kammala, ranar kuwa da ya kammala, a gaban jama'a zai ajiye shi, Ɗangana ya duba da idonsa ya yi shiru.

Shekarun da suka biyo baya a neman abu biyu suka tafi, robar da ta dace da abin da zai riƙe ta. Ya gwada kokon garin rogo, kyankyasai suka yi walima. Ya gwada danƙo da kakin zuma, zafin bazara ya mai da su ruwa. Ya dafa fata har ta yi yauƙi kamar yadda dukawa ke yi, ta kama itace amma ta ƙi roba, ga wari da ya sa Zaliha ta ce ko dai tukunyar ta bar gidan ko ita. Sholishon masu facin keke ya ɗan yi, sai dai yana barin gaɓa tana lilo. A cikin wannan wahala ya gane cewa roba ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai maiƙo, irin ta bokiti da buta, wadda in ka cije ta haƙori ke nutsewa, ba ta jin maganar kowane manne sai wuta. Akwai kuma mai ƙara, irin ta mataji da gidan sabulu da akwatin rediyo, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa, tana yankuwa da zarto tana gogewa da magagari sumul. Ita yake so, ita ce kuma ke da wuyar samu.

Mutane suka saba da ganinsa ranar Juma'a da hantsi yana zagaya jujin bayan gidajen ma'aikata, kansa a duƙe, yana tona shara da sanda. Kukun wani likita yakan ajiye masa murafen kwalaben magani. Teloli suna tara masa fasassun maɓallai. In mace ta kawo gyaran bokiti, kafin ya karɓa sai ya tambaye ta ko tana da karyayyen mataji ko awarwaro a gida. Wasu matan suka fara zargin ko haɗin magani yake yi, har wata ta tsefe matajinta tsaf kafin ta ba shi, don kada silin gashinta ya bi.

Mannen kuwa da ƙafarsa ya zo. Wani mai fentin mota, Magaji, ya kawo masa kofin roba da ya ce ya zuba ruwan tsinka fenti a ciki, gindin ya yi laushi ya manne da gidan sabulun da ya ɗora shi a kai. Yana so a raba masa su. Ciɗo ya ja, ya murɗa, ya sa wuƙa, abu ya ƙi. Kofi da gidan sabulu sun zama jiki ɗaya, ko layin haɗin ba a gani. Ya zauna yana jujjuya su a hannu, bakinsa a buɗe, har Magaji ya tambaye shi ko lafiya. Bai raba su ba. Ya ba Magaji wani kofin, ya roƙi 'yar kwalba ɗaya ta ruwan nan mai hawa kai. A gida ya jefa guntayen mataji a ciki suka narke suka yi kauri kamar zuma, ya ɗiga a tsakanin roba biyu masu ƙara, ya riƙe su har ya gama karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu. Da ya saki, sun kama har abada.

Daga nan aiki ya miƙe. A zauren gidansa yake yi, tsakanin azahar da la'asar, ya kuma kulle shi a sanduƙin katako in ya gama. Bututun wata tsohuwar tocila ya zama cikin kan jirgin. Baƙin akwatin rediyo da ya faɗo daga kan raƙumi ya ba shi ɗakin direba. Gidajen sabulu suka zama taragai, maɓallai suka zama ƙafafunsu, bututun biro ya zama maƙogwaron hayaƙi. Zaliha ba ta hana shi ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce wa maƙwabciyarta Laraba, namijin da ba ya caca ba ya yawon dare, in ya ce sharar gari yake so, a bar shi da ita.

Mutum ɗaya ya nuna wa, shi ma don baƙo ne. Mushe Lawali (Mushe shi ne laƙabin Faransanci da ake kiran malaman boko da shi) malamin makaranta ne da aka turo daga Damagaram, shi ke kawo masa karyayyun rulolin ɗalibai. Wata rana ya matsa sai ya ji abin da ake yi da su, Ciɗo ya kai shi zaure ya buɗe sanduƙi. Mushen ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, bai yi dariya ba. Ya ce bana, shekara ta sittin da takwas, ranar bikin Jamhuriya makarantarsu za ta baje ayyukan hannu na mutanen gari, manya da ƙanana za su zo.

"Malam Ciɗo, ka kawo shi. Zan ba ka tebur kai kaɗai. Amma ina ƙafafun kan jirgin?"

Nan gizo ke saƙa. Ƙafafun jajaye ne, manya, kuma dole su fito daga roba mai ƙara, mai kauri, shimfiɗaɗɗiya. Ya daɗe yana nema bai samu ba. Fenti ba ya zama a kan roba, ya gwada, ɓarewa yake yi. Mushe ya ce to ya sa baƙaƙe mana, wa zai sani? Ciɗo ya dube shi kamar ya ce a yi sallar azahar raka'a uku. Shi ya sani, ai ya gani da idonsa a Ƙaura.

Abin takaicin, robar da yake nema tana cikin gidansa, kullum yana ganinta. A ɗakin Zaliha, kamar ɗakin kowace matar kirki, akwai jere: kwanoni da tasoshi da farantai an ɗora su bisa juna sun kusa taɓa rufi, ba a ci a ciki, ba a sha a ciki, su ne dai mutuncin mai ɗaki in baƙi sun shigo. A can ƙololuwar jeren akwai wani kwanon roba ja zur mai murfi, wanda yayanta Attaher ya kawo mata daga Kumashi tun roba ba ta zama ruwan dare ba. Lokacin da ya zo, matan unguwa har layi suka yi don su taɓa shi. Ciɗo ya taɓa ƙwanƙwasa shi da farce sau ɗaya, ya ji yadda ya amsa, tun daga nan bai sake samun kwanciyar hankali ba.

Ya gwada ta hanyar lalama. Wata safiya tana shara ya tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Zaliha, kwanon ga naki ja."

"Mi yas same shi?"

"Ba komi. Na ga dai ba ki aiki da shi."

Ta miƙe da tsintsiya a hannu. "Maigida, da wane cikin jeren kat taɓa ganin ina aiki?"

Maganar ta mutu a nan. Namiji na iya sayar da akuyarsa, ya rushe katangarsa, ya sauya wa gida ƙofa, ba mai ce masa don me. Amma kayan jere na mace ne, ita da 'yarta bayanta, miji ko ƙura ba ya share musu. Ciɗo ya san wannan sarai, gyartai ne, rayuwarsa duka a kan kayan mata ta tafi.

Son zuciya kuwa ɓacin zuciya. Da kaka ta yi, Zaliha da Habi suka tafi bikin suna a Bambeye. Da rana tsaka, gida ba kowa sai kaji, Ciɗo ya shiga ɗakin matarsa yana sanɗa kamar ba shi ya gina shi ba. Ya sauko da kwanon. Hankalinsa ya ba shi wata dabara da a lokacin ya ga ba ta da aibi: gindin kaɗai yake buƙata. In ya yanke shi ya mai da kwanon mazauninsa da murfinsa a rufe, wa zai ɗaga? Kafin a ankara zai sa falke ya kawo wani irinsa ya musanya. Ya gasa basilla ya huda zagaye, ya bi da siririn zarto, ya goge bakin yankan don kada ya tsage. Aiki ne mai tsabta, irin wanda da a kan wani abin ya yi shi sai a yaba masa. Yana mai da kwanon kunya ta rufe shi, amma da ya koma zaure ya ɗora jar robar a kan cinyarsa, kunyar ta ja da baya, murna ta shige gaba.

Ƙafafun suka fito yadda ya gan su a mafarki. Ya fiƙe musu haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su da sandar da ya fere daga farin mataji, ya ɗiga musu mannensa. Da ya tura kan jirgin a kan tabarma, sandar ta yi gaba ta yi baya. Ya kwanta rubda ciki yana kallo, magidanci mai 'ya budurwa.

Falken da ya aika, Tanko, ya dawo ana tsakiyar azumi. Ya ce yaƙin da ake yi a Najeriya ya sa kaya ba sa zuwa kamar da, ya zagaya kasuwa bai ga irin wanda aka kwatanta masa ba. Ya miƙo wani kwano na roba mai maiƙo, ba murfi, launinsa kamar tumatir da bai gama nuna ba. Ciɗo ya karɓa ya yi godiya, ya san ko makauniya ba za a ruɗa da shi ba. Ya ce wa kansa bayan biki zai sake aikawa. Abin da ya manta, don ba aikin maza ba ne, shi ne bana bikin Jamhuriya ya faɗo a goman ƙarshe na azumi, lokacin da mata ke sauke jere kaf su wanke don salla.

Yana kwance a zaure da rana, ƙishirwa ta kwantar da shi, sai ya ji ƙarar tasoshi a tsakar gida da muryoyin mata. Maƙwabta sun shigo taya Zaliha, kamar yadda ita ma za ta je ta taya su. Ya tashi zaune. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bai iya shiga ba, bai iya gudu ba, ya zauna yana jin ana sauke jeren daga sama, da na sama kuwa ake farawa.

Muryar Laraba ce ta tashi. "Zaliha! Zo ki ga ikon Allah. Ga ni ina hangen ki ta cikin kwanonki!"

Mata suka kwashe da dariya, sai dariyar ta tsinke a tsakiya. Can ya ji muryar matarsa, ba rawa ba gargada.

"Kusu na," in ji ta, ta ɗora wa ɓera laifi. "Ya dame ni bana."

"Lalle," in ji Laraba, "kusun ga ya yi zaman koyo wurin masu sana'a."

Ba wadda ta ƙara magana a kai. Aka ci gaba da wanki, tasoshi na ƙara, hira ta koma kan tsadar lalle.

Zaliha ba ta ce masa komai ba sai da aka sha ruwa. Ta kawo masa kunu da ƙosai, ta zauna gefe har ya gama, ta kwashe kwanukan, sannan ta dawo ta tsaya.

"Maigida, ina gindin kwanona?"

Bai yi musu ba. Ya jawo sanduƙi ya buɗe, ya jera jirgin a kan tabarma, kai da taragansa. Ba ta taɓa ganinsa a haɗe ba. Ta tsuguna ta dube shi tun daga bututun hayaƙi har tarago na ƙarshe, ta sa yatsa ta tura shi kaɗan, sandar ta motsa.

"Ƙahwahun ga jajaye, kwanona na?"

"Shi na."

"To cire min abina."

Ya yi mata bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa, cewa mannen da ya liƙa da shi ba ya rabuwa. Gatarin ƙafafun, wato sandar da suke juyawa a kai, ya shige cikin jikin jirgin, an rufe a kansa, duk sun narke sun zama abu ɗaya. In an ce a cire, sai dai a fasa. Shekarun da ya yi yana neman abin da zai kama ya ƙi saki, ga shi ya samu.

"Ni ban ce ka hwasa ba," in ji ta. "Abina nika so, inda duk shike." Ta ɗauki kan jirgin da hannu biyu ta miƙe.

"Zaliha, biki ya matso. Aro nika roƙo, yini guda. Mushe ya aje min tebur."

"Shekara nawa kana gyaran kayan matan garin ga? Ka taɓa jin an ba da aron kayan jere? Kai ma da kas so, ba aro kay yi ba." Ta kai bakin ƙofa ta juyo, a nan ne muryarta ta karye. "Gaban mata kas sa ni ƙarya, da azumi ga bakina, don in ruhe maka asiri. Wanga ya hi kwanon yi min ciwo."

Duk wanda ya ce Zaliha ta tsananta bai san jere ba. Ciɗo kansa bai ce ta tsananta ba. Yana iya shiga ya ɗauko da ƙarfin mazantaka, ba ƙofar da za ta tare shi. Amma da ta ɗaga murya magana ta kai ga 'yan'uwanta, daga nan ta kai rumfar kasuwa, a ce Ciɗo ya yanka kwanon matarsa don wasan yara. Wannan sunan ya fi na farkon muni, kuma gaskiya ne. Da gari ya waye ya dubi taragan a kan tabarma, ba kai, ba abin da za su yi wa kowa. Ya kwashe su da kansa ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinta.

Ranar biki ya ce wa Mushe Lawali aikin bai ƙare ba. Mushen ya dube shi, ya ga fuskarsa, bai ja maganar ba. Ciɗo ya je ya zagaya tebura tare da jama'a, hannu a baya. An baje jakunkunan fata da takubba da tabarmi, da wata motar gwangwani da ɗalibai suka haɗa da waya, wadda manyan baƙi suka tsaya a kanta suna jinjina kai. Ɗangana ya same shi a nan ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin za a ga abin mamaki yau, ko ruwa ya sake dukan jirgin ne da rani? Ciɗo ya yi murmushi ya ce azumi ne, ba ya son dogon zance.

Ranar salla jeren Zaliha ya koma mazauninsa yana ƙyalli, a ƙololuwarsa kuma, inda jan kwano yake a da, ta shimfiɗa wani katako ta jera jirgin. Matan da suka shigo barka da salla suka tsaya cak. Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, ya tsallaka wasu unguwannin. Mata na zuwa da mayafansu, wasu da goyo, a ce an zo ganin jirgin Zaliha. Ita kuwa takan sauko da shi ta tura musu a kan tabarma, ta nuna musu maɓallan da gidajen sabulun, wata ta yi ihu ta ce wallahi ga matajinta can. Ciɗo na zaure yana jin shewarsu. Yabon da ya yi shekaru yana nema ya zo har gida, sai dai ya wuce shi ya shiga ciki. Namiji kuwa ba ya shiga ɗakin matar wani, abin da mata suka faɗa wa mazajensu kuma, mazan suka ce zancen mata ne, ƙila 'yar motar kara ce aka shafa wa shuni.

Ya yi tunanin gina wani. Amma Magaji ya koma Maraɗi da kwalabensa, idon Ciɗo ya fara gajiya da ƙananan abubuwa, kuma gaskiyar magana ita ce ransa bai ba shi na biyu ba. Jirgin da ya gani a Ƙaura ɗaya ne, ya kuma riga ya gina shi. Tsakaninsa da Zaliha abubuwa suka daidaita a hankali, kamar yadda suke daidaita a gidan da ba a son rabuwa. Wani lokaci in zai wuce takan bar labulen ɗakin a ɗage.

Da kaka ta zagayo aka ɗaura auren Habi da wani manomi ɗan Affala da suka daɗe suna son juna. Uwa takan raba jerenta ta ba 'yarta mafi kyawun abin da ke ciki, mafi kyawun abin da ke jeren Zaliha kuwa kowace mace a Tawa ta san shi. Ciɗo bai ce a'a ba, ba shi da bakin cewa. Abin da ya roƙa kawai, ta bakin Laraba, shi ne a naɗe kowane tarago daban a cikin auduga, kada kuma a ajiye shi inda rana ke bugawa. Habi 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya taka ɗakin aurenta. Ya san in jirgin ya fita ƙofar nan ya gama ganinsa.

Ranar kai kaya mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Maza suka taru taya lodi, Ɗangana a kan gaba tunda sana'arsa ce, yana ba da umarni yana tsokanar kowa. Mata na miƙo kaya daga zaure a ɗaure cikin zannuwa, gado da tabarmi da tasoshi. Can Zaliha ta fito da kanta da wani dogon ƙunshi a hannu biyu, ta miƙa wa Ɗangana, ta ce a sa shi a sama, kada a ɗora masa komai.

Ɗangana ya auna shi a hannu ya juyo wajen Ciɗo, wanda ke tsaye a jikin katanga cikin rigarsa ta salla. Duk majalisar rumfa tana wurin, ba wanda ya rage. Ƙulli ɗaya ne a bakin zanen, yatsa biyu sun isa su kwance shi. Amma ba a buɗe kayan amarya a kan titi, uban amarya kuwa shi ne na ƙarshen wanda zai yi haka.

"Taubashi, mi na ciki? Dogo haka, ba nauyi."

Ciɗo ya dubi ƙunshin, ya dubi Zaliha. Ita ma shi take kallo, ba ta ce ya yi ba, ba ta ce ya bari ba.

"Kayan mata na," in ji shi. "Aza shi sannu."